Allunan Tunawa da Mamatan Yaƙi a Majami'un Wales: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan game da Wales, wani yanki na Birtaniya, sukan fito daga bakin mutane iri uku: ɗaliban tarihi, masu bin sawun wani suna na danginsu, da kuma al'ummomin da suka sayi ko suka yi hayar tsohuwar majami'a a Wales suka tarar da allo cike da sunaye a jikin bango. An fara da na farko-farko, sannan aka gangara zuwa masu buƙatar bayani mai zurfi.

Mene ne allon tunawa na majami'a, kuma ina bambancinsa da dutsen da ke tsakiyar gari?

Dutsen tsakiyar gari, wato dutsen tunawa da mamatan yaƙi na garin baki ɗaya, na kowa da kowa ne. Kwamitin gari ne ya tara kuɗinsa, kuma duk ɗan garin da ya rasu a yaƙi yana da haƙƙin shiga, ko wace ɗarika yake bi. Allon majami'a kuwa na ikilisiya ɗaya ne tak. Mutanen da ke kansa a nan aka yi musu baftisma, a nan suka yi makarantar Lahadi, kuma waɗanda suka biya kuɗin sassaƙa shi sun san kujerar da kowannensu yake zama. Shi ya sa sau da yawa sunayen ba su da yawa: uku, bakwai, goma sha biyu. A manyan majami'un garuruwan haƙar kwal da na tashar jiragen ruwa ne ake samun jerin da ya fi haka tsawo.

Galibi ana kafa shi a inda ido ba zai kauce masa ba, wato gefen mumbari, ko a zauren shiga, ko a ɗakin taro na baya inda ake karatun Lahadi. Mahaifiyar da ta rasa ɗanta tana ganin sunansa duk mako, tsawon wa'azi, har ƙarshen rayuwarta.

Me ya sa ake raba majami'a da coci idan ana maganar Wales?

Domin a can abu biyu ne daban, kuma bambancin ya shafi siyasa da harshe da matsayin mutum a gari. Coci shi ne na Anglika, wanda hukuma ta tsaya masa har 1920, inda masu filaye da manyan gari suke sujada a wancan zamani. Abin da mutanen Wales ke kira capel kuwa shi ne ɗakin sujadar ɗarikun da suka ƙi bin cocin hukuma: Methodist masu bin koyarwar Calvin, waɗanda daga baya aka san su da Presbyterian na Wales, da 'yan Independent, da Baptist, da Methodist na Wesley, da 'yan Unitarian a wasu sassan yamma. Shi muke kira majami'a a nan.

Ƙidayar masu zuwa sujada da aka yi a 1851 ta nuna kusan huɗu cikin biyar na masu ibada a Wales majami'a suke zuwa, ba coci ba. Falkaswar addini ta 1904 zuwa 1905, wadda Evan Roberts ya yi fice a cikinta, ta ƙara cika su maƙil. Yaran da suka tashi cikin wannan falkaswa su ne samarin da yaƙi ya tarar a 1914. Hukumar kula da tsoffin gine-gine ta Wales da ke Aberystwyth ta rubuta majami'u sama da 6,000 a kundinta, kuma ƙaramin ƙauye ma yakan mallaki uku ko huɗu, da yawansu da nasu allon.

Wane yaƙi ne allunan suka fi tunawa da shi?

Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, nesa ba kusa ba. Mazan Wales sama da 270,000 ne suka shiga soja a lokacin. Littafin tunawa na ƙasa, wanda ke ajiye a Haikalin Zaman Lafiya da aka buɗe a Cardiff a 1938, yana ɗauke da sunaye kimanin 35,000, wasu masana tarihi kuma suna kai adadin mamatan kusa da 40,000.

Idan mutum ya duba alluna da yawa zai ga wasu ranaku suna ta maimaita kansu. Agustan 1915 na nufin Gallipoli, inda runduna ta 53 ta Wales ta sauka a gaɓar Suvla a ƙasar Turkiyya. Ranakun 7 zuwa 12 ga Yulin 1916 na nufin dajin Mametz a Faransa, inda runduna ta 38 ta yi asarar mutum kimanin 4,000 tsakanin matattu da masu rauni cikin ƙasa da mako guda. Ranar 31 ga Yulin 1917 kuma tudun Pilckem ne a Beljiyam, ranar da aka kashe mawaƙi Hedd Wyn na Trawsfynydd, wanda ya lashe kujerar gasar waƙa ta ƙasa a Birkenhead makonni kaɗan bayan rasuwarsa, aka lulluɓe kujerar da baƙin ƙyalle. Akwai kuma Gaza da Urushalima a 1917, wuraren da waɗannan samari suka haddace sunayensu tun suna yara a makarantar Lahadi kafin su taka su da ƙafa.

Mamatan Yaƙin Duniya na Biyu ba su kai haka yawa ba, don haka akasari an ƙara sunayensu ne a ƙasan tsohon allon, ko aka manna ƙarami a gefensa. Jefi-jefi akan ga na yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902.

Me ya sa rubuta suna a bango ya zama abu mai nauyi haka a wurinsu?

Saboda babu gawa, babu jana'iza, babu kabarin da za a je. Gwamnatin Birtaniya ta hana dawo da gawarwakin sojojin da suka mutu a ƙasashen waje, aka binne kowa kusa da inda ya faɗi. Da yawa ma ba a ga gawarsu ba sam. Ginin tunawa na Thiepval kaɗai yana ɗauke da sunayen mutum sama da 72,000 da suka ɓace a yankin Somme na Faransa, Ƙofar Menin a Ypres ta Beljiyam kuma kimanin 54,000. Matar mai haƙar kwal daga kwarin Rhondda ko mai fasa dutse daga Bethesda ba ta da kuɗin zuwa Faransa, balle Gaza.

Ga mutanen da suka saba raka gawa da waƙoƙin yabo daga ƙofar gida har maƙabartar majami'a, wannan rashi ne a kan rashi. Allon ya tsaya a madadin kabari. Ranar buɗe shi ita ce jana'izar da ba a samu yi ba: a karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya, a yi addu'a, a rera waƙa, sau da yawa a sa wata uwa da ta rasa ɗa ko wani sojan da ya dawo ya yaye ƙyallen.

Duk wanda sunansa ke kan allo mutuwa ya yi a yaƙin?

A'a, kuma a nan masu bincike da yawa suke yin tuntuɓe. Alluna iri biyu ne. Akwai na mamata zalla, wanda akasari aka yi shi bayan yaƙi, tsakanin 1919 da tsakiyar shekarun 1920. Akwai kuma jerin girmamawa, Rhestr Anrhydedd da harshen Welsh, wanda ya ƙunshi duk ɗan ikilisiyar da ya tafi, ko ya dawo ko bai dawo ba.

Irin na biyu da yawansu tun ana cikin yaƙin aka fara su, a kan takarda mai ado cikin firam na gilashi. Idan ka matsa kusa da irin wannan takarda za ka ga tarihin shekarun a jikinta. Sunayen farko an rubuta su da hannu mai kyau, da tazara, kamar marubucin yana zaton ba za su wuce ashirin ba. Can ƙasa tawada ta sauya launi, hannu ya sauya, layuka sun matsu, wasu sunayen an cusa su a gefe. Sannan ga ƙaramar alama, gicciye ko tauraro ko jan layi, da aka zo aka ƙara daga baya a gaban wasu sunaye. Waɗannan su ne suka rasu. A ganina wannan jeri ya fi allon dutse faɗin gaskiyar yadda ikilisiya ta ji, domin an rubuta shi ne lokacin da ba wanda ya san wa zai dawo.

Ba waɗannan majami'u ne aka sani da wa'azin zaman lafiya ba? Yaya aka yi suka cika da sunayen sojoji?

Haka ne, kafin 1914 aikin soja ba abin alfahari ba ne a gidajen 'yan majami'a. Ana kallon bariki a matsayin wurin shaye-shaye da lalacewar tarbiyya. Gwarzon da ake nuna wa yara shi ne Henry Richard na Tregaron, fasto kuma ɗan majalisa, wanda ya shafe shekaru daga 1848 zuwa 1885 yana sakataren Ƙungiyar Zaman Lafiya.

Abubuwa kaɗan ne suka juya akalar cikin 'yan makonni. Mamayar da Jamus ta yi wa Beljiyam ta ba masu wa'azi hujjar cewa ƙaramar ƙasa ce babba ta taka, kuma mutanen Wales suna ganin kansu a matsayin ƙaramar al'umma. David Lloyd George, ɗan majami'a mai magana da Welsh, wanda ya zama firaminista a Disambar 1916, ya yi jawabi a Landan ranar 19 ga Satumban 1914 yana kiran a kafa rundunar Wales ta kanta, kuma ya matsa har aka yarda fastocin majami'u su zama limaman soja. Sai kuma manyan masu wa'azi irin su John Williams na Brynsiencyn a tsibirin Anglesey, wanda ya riƙa hawa mumbari cikin kakin soja yana kiran samari su ba da sunansu. Daga farkon 1916 kuma dokar shiga soja dole ta zo, zaɓi ya ƙare.

Wannan ne ya sa allunan suke da nauyi biyu. Wasu sunayen da ke kansu na samarin da suka tafi ne saboda abin da suka ji daga wannan mumbari da allon yake kallo. Bayan yaƙi iyalai da dama ba su yafe ba, sunan John Williams ya zama abin ɗaci a bakin mutane da yawa a arewacin Wales, kuma akwai sojojin da suka dawo ba su sake taka majami'a ba. Duk wanda ya karanta allunan nan a matsayin alfahari zalla bai karanta su duka ba.

Waɗanda suka ƙi ɗaukar makami fa, ana tunawa da su?

A kan allon mamata, da wuya. A Birtaniya baki ɗaya mutum kimanin 16,000 ne suka ƙi yaƙi saboda lamirinsu, kuma a Wales da yawansu 'yan majami'a ne. George M. Ll. Davies ya sha ɗauri a kurkuku saboda haka, amma a 1923 aka zaɓe shi ɗan majalisa mai wakiltar Jami'ar Wales. Thomas Rees, shugaban kwalejin horar da fastoci ta Bala-Bangor, ya jagoranci mujallar Y Deyrnas mai adawa da yaƙin daga 1916, ya kuma sha tsangwama a kai.

Akwai waɗanda suka bi hanyar tsakiya, suka shiga sashen jinya na soja, suna ɗaukar masu rauni ba tare da riƙe bindiga ba. A 1916 an kafa wani rukuni na musamman na irin wannan aiki, akasarinsa ɗaliban tauhidi da matasan fastoci na Wales. Su kam sunayensu suna kan jerin girmamawa, da haruffan RAMC, gajeren sunan sashen jinya na soja, a gabansu.

Da me ake yin allunan, kuma wa ya biya?

'Yan ikilisiya ne suka biya, da taro da sisi, ta hanyar baiko na musamman da bi gida-gida. Majami'a ba ta da tallafin hukuma, don haka girman allo yakan nuna ƙarfin aljihun masu sujada a wurin. A arewa, kusa da manyan wuraren fasa dutse na Penrhyn da Dinorwig da Blaenau Ffestiniog, an fi amfani da baƙin dutsen nan mai santsi da ake rufin gidaje da shi. A wasu wurare farin dutsen mabul ne a kan baƙin faifai, ko farantin tagulla a kan katako, ko katako zalla da rubutun ruwan zinariya.

Wasu ikilisiyoyin sun ga ya fi kyau a yi abin da za a yi amfani da shi. Sai suka sayi ogan na kiɗa, ko teburin jibin Ubangiji, ko suka gina ɗakin makarantar Lahadi, suka manna ƙaramin faranti mai sunaye a jiki. Tagar gilashi mai launi ma akwai, ko da yake majami'u da yawa ba sa son hotuna a ɗakin sujada. Irin waɗannan su suka fi saurin salwanta idan an rufe gini.

Ban iya Welsh ba. Me rubutun yake cewa?

Kalmomi kaɗan ne suke ta dawowa, kuma idan ka riƙe su za ka karanta yawancin alluna. Er cof am na nufin domin tunawa da. Er gogoniant i Dduw na nufin domin ɗaukakar Allah. Y Rhyfel Mawr shi ne Babban Yaƙi, wato na 1914. Aelodau su ne cikakkun 'yan ikilisiya, eglwys kuma a nan ikilisiyar ce, wato jama'ar, ba ginin ba. Bu farw na nufin ya rasu, lladdwyd an kashe shi, o'i glwyfau sakamakon raunukansa, oed kuma shekarun haihuwa. Ffrainc ita ce Faransa.

Ayar da aka fi sassaƙawa ita ce Yohanna 15:13, mai cewa babu ƙaunar da ta fi mutum ya ba da ransa saboda abokansa. A 1911 kusan mutum miliyan ɗaya ne ke jin Welsh, kashi 43 da ɗoriya cikin ɗari na jama'ar ƙasar, kuma majami'a ce babbar mafakar harshen. Soja ya yi atisaye da Turanci, takardar sanar da mutuwarsa ta zo da Turanci, dutsen tsakiyar gari ma sau da yawa da Turanci yake. Allon majami'a ne wurin da aka yi makokinsa da harshen da uwarsa ta yi masa magana.

Me ya sa ake rubuta sunan gida ko gona a gaban sunan mutum?

Saboda sunayen dangi a Wales 'yan kaɗan ne: Jones, Williams, Davies, Evans, Thomas, Roberts, Hughes. Ikilisiya ɗaya tana iya samun John Jones uku. Kamar yadda a wurinmu ake bambanta Musa da Musa ta hanyar unguwa ko sana'ar gidansu, haka su ma suke kiran mutum da sunan gonarsu ko layinsu. A bariki lambar soja ake haɗawa da sunan. Ga mai bincike wannan sunan gida zinariya ne, domin shi zai raba maka mutuminka da ɗaruruwan masu irin sunansa.

Wani abin lura shi ne majami'u da yawa ba su rubuta muƙamin soja ba sam, ko kuma suka jera sunaye bisa haruffa, hafsa da ƙaramin soja a layi ɗaya.

Akwai mata a kan allunan?

Akwai, musamman a jerin girmamawa. Wasu ikilisiyoyin sun saka ma'aikatan jinya, da matan da suka shiga rundunonin taimako, har da masu aiki a masana'antun harsashi irin na Pembrey, inda fashewa da guba suka kashe wasu. Akasari a ƙasan jeri ake sa su ko a gefe guda.

Matan majami'u sun kuma bar wata shaidar ta daban. A 1923 zuwa 1924 mata 390,296 na Wales suka sa hannu a takardar roƙon zaman lafiya da aka kai wa matan Amurka. Wadda ta jagoranci tawagar, Annie Hughes Griffiths, matar faston majami'ar Welsh ce ta titin Charing Cross a Landan. An dawo da takardun Wales a 2023, suna Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa a Aberystwyth.

Na ga suna ɗaya a alluna daban-daban, wani kuma babu shi a kundin hukuma. Kuskure ne?

Ba lallai ba. Babu wata doka da ta tsara wanda zai shiga allo, kowace ikilisiya ita ta yanke wa kanta. Saurayin da ya tashi a ƙauyen Ceredigion ya tafi aikin kwal a kudu zai iya fitowa a majami'ar iyayensa, da wadda ya koma, da allon ramin kwal ɗin, da na makarantarsa, da dutsen gari.

Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth tana lissafa waɗanda suka rasu daga 4 ga Agustan 1914 zuwa 31 ga Agustan 1921 ne, bisa sharuɗɗanta. Ikilisiya kuwa ba ruwanta da wannan iyaka. Idan mutum ya dawo da huhun da iskar guba ta lalata ya rasu a 1922, su sun san yaƙi ne ya kashe shi, kuma sukan sa shi. Haka wanda murar 1918 ta ɗauke bayan an sallame shi. Kurakurai na gaske ma akwai, a ranar mutuwa ko sunan bataliya, domin abin da iyali suka faɗa aka sassaƙa.

Ta ina zan fara idan ina son sanin labarin wani suna?

Fara da tabbatar da irin allon da ke gabanka, na mamata ne ko jerin girmamawa, kamar yadda aka bambanta a sama. Sannan ka kwafe komai: suna, gida, ranar rasuwa, da gajerun haruffan runduna. RWF na nufin Royal Welsh Fusiliers, SWB kuma South Wales Borderers. Da waɗannan sai ka shiga kundin hukumar kaburburan yaƙi a intanet, kyauta ne, zai nuna maka kabari ko ginin da sunan yake, wani lokaci har da sunayen iyaye da adireshi.

Daga nan sai jaridu. Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ya sa tsoffin jaridun Wales har zuwa 1919 a intanet, ana bincika su kyauta. Kowace ɗarika tana da jaridarta, irin su Y Goleuad da Y Tyst da Seren Cymru, kuma sukan buga labarin sujadar tunawa da wasiƙun da sojoji suka aiko wa fastocinsu. Kada ka raina rahoton shekara-shekara na majami'ar kanta, ɗan ƙaramin littafi da ke jera kowane ɗan ikilisiya da adireshinsa da abin da ya bayar. Da yawansu suna ɗakunan adana takardu na gundumomi.

Takardun aikin soja kuwa sai an yi sa'a, domin kusan kashi 60 cikin ɗari sun ƙone lokacin da bam ya faɗa ma'ajiyarsu a Landan a 1940. Gidajen tarihin rundunoni a Caernarfon da Brecon da Cardiff suna taimakawa wajen gano inda bataliya take a ranar da mutum ya rasu.

Ana samun irin waɗannan alluna a wajen Wales?

Ƙwarai. Duk inda 'yan Wales suka yi ƙaura sun gina majami'arsu, kuma Liverpool da Landan ne kan gaba, sai Manchester da Birmingham. Allunan waɗannan wurare sukan ɗauki sunayen samarin da aka haifa a Ingila amma suka tashi da Welsh a baki, da kuma 'yan ci-rani da suka zo aikin kanti ko sayar da madara. Da yake yawancin waɗannan majami'u sun haɗe da juna, ba abin mamaki ba ne ka shiga guda ɗaya ka tarar da allunan ikilisiyoyi da dama a bango ɗaya.

Sojojin Afirka ta Yamma da suka yi wannan yaƙin, an rubuta sunayensu haka?

Akasarinsu ba a rubuta ba. Rundunar Nijeriya, wadda Hausawa suke da yawa a cikinta, ta yi yaƙi a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sannan a Gabashin Afirka, tare da dubban 'yan dako. A 2021 hukumar kaburburan yaƙi ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, mai yiwuwa har 350,000, akasari 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a tuna da su da suna ba ko ba a tuna da su ba sam. Ɗan Wales kuwa, ko da hukuma ta manta da shi, yana da ikilisiyar da ta riƙe sunansa da na gidansu.

Me ke faruwa da allo idan an rufe majami'a?

Wannan ita ce babbar damuwar yau. A ƙidayar 2021 kashi 46.5 cikin ɗari na mutanen Wales sun ce ba su da addini, masu cewa su Kirista ne kuma kashi 43.6. Majami'u suna ta rufewa, ana mayar da su gidajen kwana, shaguna, ɗakunan ajiya, wasu kuma a bar su su ruɓe. Dutsen tsakiyar gari yana da ƙaramar hukuma da wata doka ta 1923 ta ba ta ikon kashe kuɗi wajen gyara shi. Allon majami'a kuwa mallakar amintattun ikilisiya ne, kuma idan 'yan tsofaffin da suka rage sun mika makulli, sau da yawa ba wanda ya rage da zai tambaya.

Idan an dace, akan mayar da allon wata majami'ar ɗarikar da ke kusa, ko zauren taron gari, ko makaranta, ko gidan tarihi. Idan ba a dace ba, na takarda danshi ya cinye shi, na tagulla ya tafi wurin 'yan gwangwan, na dutse ya bi tarkacen gini. Saboda haka ne Gethin Matthews na Jami'ar Swansea ya jagoranci aikin tattara hotuna da bayanan irin waɗannan alluna a lokacin cika shekara 100 da yaƙin. Gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museums ma yana da rajistar allunan tunawa ta Birtaniya baki ɗaya, wadda kowa zai iya dubawa ya kuma aika mata da bayani.

Mun sayi ko mun yi hayar tsohuwar majami'a, mun tarar da allo. Me ya kamata mu yi?

Wannan yana faruwa sosai, domin sababbin ikilisiyoyin 'yan Afirka da al'ummomin Musulmi suna cikin masu raya waɗannan gine-gine. Masallacin Shah Jalal da ke titin Crwys a Cardiff, alal misali, tsohon ginin Capel Crwys ne, ikilisiyar ta koma titin Richmond.

Abu na farko, kada a cire, kada a shafe da fenti, kada a jefar. A ɗauki hotonsa a inda yake, daga nesa da kuma kusa yadda kowane suna zai karantu. A duba takardun ciniki, domin wani lokaci ɗarikar da ta sayar ta riƙe mallakar allon. A kuma bincika ko ginin yana cikin jerin gine-ginen tarihi da hukumar Cadw ke karewa. Idan yana ciki, cire abin da ke manne da bango ba tare da izini ba laifi ne, kuma jami'in kula da gine-ginen tarihi na ƙaramar hukuma shi ne za a fara tuntuɓa.

Idan tsarin ibadarku bai dace da barin allon a ɗakin salla ko sujada ba, wannan ba abin kunya ba ne, kuma akwai hanyar mutunci. A tuntuɓi hedikwatar ɗarikar, da majalisar unguwa, da ƙungiyar War Memorials Trust mai ba da shawara kyauta. A nema masa wurin da jama'a za su iya shiga su gani, cikin garin da mutanen suka fito, sannan a sanar da rajistar da aka ambata a amsar da ta gabata inda ya koma. Jikokin waɗannan mutane suna nan, kuma sukan zo nema, musamman a watan Nuwamba.

Za mu iya wanke shi ko mu gyara shi da kanmu?

Ƙura kawai za ku share, da burushi mai laushi ko busasshen ƙyalle. Man goge ƙarfe yana cinye rubutun tagulla a hankali, yana kuma cire baƙin da aka cusa cikin haruffa. Bilic da sabulu mai ƙarfi suna ɓata mabul, ruwa kuma yana ɗaga zinariyar da ke kan katako. Kada a sake bin haruffa da fenti don su fito.

Na takarda ya fi kowanne rauni. A nisanta shi da hasken rana, da na'urar ɗumama ɗaki, da bangon da ke tsatsafo da ruwa. Idan an ga tabon danshi ko ƙwari a cikin firam, kada a buɗe shi, a kai shi ɗakin adana takardu na gunduma yadda yake, a kwance, su suna da masu gyaran takarda. Allon dutse kuma ya fi yadda ake zato nauyi, kuma ƙusoshin da suka riƙe shi sun shekara 100 suna tsatsa a cikin bango, don haka saukar da shi aikin magini ne da ya saba da tsoffin gine-gine.